Wa Zai Riƙe Mini Yaro a Garin da Ba a Jin Hausa?

Jawabin da ɗaya daga cikin mambobinmu, 'yar kasuwa, ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya a Ajingi

 

Hajiya shugaba, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, 'yan uwana mambobi na cikin gari da waɗanda suka taso daga Toranke, Balare, Gafasa, Chula da Kunkurawa, da baƙinmu na Gaya, ina yi wa kowa sannu da zuwa. Allah Ya maimaita mana.

Takardar nan da hannuna na rubuta ta, shekara 3 ke nan da na shiga aji. In kun ji na yi tuntuɓe a karatu, ku yi mini uzuri.

Da Hajiya ta ce in yi magana, na zaci a kan jari ko adashi za a sa ni. Sai na roƙe ta ta bar ni in yi a kan reno. Dalili kuwa, ku duba cikinmu nan. Wace ce ba ta da 'ya, ko ƙanwa, ko matar ɗa da ke zaune a kurmi? Wasu suna Legas, wasu Ibadan, wasu Fatakwal, har da waɗanda aure ya kai Kumasi da Ankara a ƙasar Gana. In za su tafi muna haɗa musu kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya, amma ba wadda ke zaunar da su ta tambaye su: in kin fita nema, wa zai riƙe miki yaro?

Ni ma ba a tambaye ni ba. A 2012 na bi baban yara Legas. Yana harkar tumatir da albasa a kasuwar Mile 12, inda manyan motocin kayan gwari na Arewa ke sauke kaya. Muka kama ɗaki ɗaya a wajen Ketu, irin gidan hayar nan da ɗakuna ke kallon juna, banɗaki ɗaya, madafa ɗaya. A duk gidan mu kaɗai ne Hausawa. Ina da yaro ɗan shekara 3 da jaririya a baya. Na fara tuyar waina da asuba ina sayar wa 'yan dako da direbobi.

A nan gida, kun sani, ba ma ma lissafa reno a cikin aiki. Ga kaka, ga gwaggo, ga kishiya, ga yaran maƙwabta. Ki ajiye yaro a tsakar gida ki tafi unguwa, ki dawo ki tarar an yi masa wanka ya ci ya ƙoshi. Ɗa na kowa ne. Sai da na je inda ba ni da kowa na gane ashe wannan abin dukiya ce muke zaune a kanta.

Wata ranar Talata ina tsakiyar tuya, ciniki ya yi zafi, na waiwaya ban ga yaron ba. Na bar tanda a wuta na shiga kasuwa ina kiran sunansa. Wadda duk na tare, ni ba Yarabanci ba, ni ba Turanci ba, sai dai in nuna tsayinsa da hannu ina kuka. Tun hantsi har bayan azahar. Ashe wata dattijuwa Bayarabiya mai sayar da attaruhu ce ta gan shi yana bin wata mota, ta kama shi ta zaunar a rumfarta, ta ba shi abinci. Ta tambaye shi sunan ubansa, ya ce "Baba". Ta tambaye shi gidansu, ya yi mata Hausa, ba ta ji ba. Sai da ta sa aka kai shi wajen shugabannin Hausawan kasuwa aka yi cigiya. Wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Ashe gaskiya ne da ake cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Daga ranar na shiga neman mafita. Shekara 5 na yi a can, kuma kusan duk hanyar da ake bi na bi ta. Bari in lissafa muku su da daɗinsu da ɗacinsu.

Ta farko, goyo. Jariri dai ba shi da wajen da ya fi bayan uwarsa, musamman a wata 6 na farko da ma'aikatan asibiti ke cewa nono zalla za a ba shi. Amma da ya fara rarrafe, goyo ya daina isa. Ga wuta, ga tafasasshen mai, ga kwata, ga mota.

Ta biyu, ɗauko yarinya daga gida. Wannan ita muka fi yi, ni ma na yi, kuma ita ce na fi nadama. Na aiko aka kawo mini 'yar yayata, shekararta 10, tana aji 4 a firamare. Na ce wata 6 za ta yi. Ta yi shekara 3. Reno ya yi kyau, na samu sararin ciniki, amma da ta dawo ƙawayenta sun wuce sakandare, ta ji kunyar komawa cikin ƙanana. Yau tana da aure, ba ta iya karanta katin asibitin ɗanta. Na gyara nawa na ɓata na 'yar uwata. Na nemi yafiyarta, kuma ina faɗa a gabanku don kada wata ta maimaita. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. In har ya zama dole ki ɗauko yarinya, to ki sa ta makaranta a can, ta yi reno bayan an tashi. In ba za ki iya ba, ki bar wa uwarta ita.

Ta uku, gidan reno na unguwa. Yarbawa suna da wani abu da suke kira jeleosimi, ma'anarsa a bar gida ya huta. Wata mata ce za ta tara ƙananan yara a ɗaki ko baranda, tana koya musu waƙa da ƙirga, ana biyanta kaɗan kaɗan. Akwai kuma masu rajista da suka fi tsada, da Turanci ake komai. Da farko na ƙi, ina tsoron abinci da addini. Daga baya na gano Musulmi suna da yawa ƙwarai a cikin Yarbawa, matar da na kai wa nawa ma Alhajiya ce. Abincinsa ni nake haɗa masa a kwano daga gida. Wahalar ita ce harshe. Satin farko yaron ya yi fitsari a wando sau 2, don bai san yadda zai ce a kai shi bayi ba. Sai na roƙi wata maƙwabciya ta koya mana 'yan kalmomi ni da shi. Ruwa shi ne omi. In yana jin yunwa ya ce ebi n pa mi. Ita ma Alhajiyar na koya mata "ruwa", "fitsari", "ciwo", "zo nan". Kalma 10 kacal, amma sun raba mu da kuka.

Ta huɗu, makarantar allo da Islamiyya ta unguwar Hausawa. Duk inda mutanenmu suka daɗe za ki same su: Agege da Idi-Araba a Legas, Sabo a Ibadan wadda aka kafa tun 1916, Zangon Kumasi, da Nima a Ankara. A nan yaro zai ji harshensa, ya samu karatun addini. Sai dai ba wajen reno ba ne. Awa 2 ko 3 ne a tashi, kuma malam ɗaya ba zai iya bin ɗan shekara 2 ba. Ta dace da wanda ya kai shekara 4 ko 5, kuma a san mai kai shi da mai ɗauko shi.

Ta biyar, makarantar gwamnati. Da yawa daga cikin firamaren gwamnati suna da ajin share fage na ƙanana. Matanmu suna gudunta, wai ta 'yan gari ce. Ba haka ba ne, ɗan Najeriya ne ɗanki. Abin da za a fi tambayarki shi ne takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da katin rigakafi. Ku sani kuma, tun 2018 Jihar Legas ta yi dokar da ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantunta. Kada wannan ya tsorata ku. Yaron da ya tashi da Hausa da Yarabanci da Turanci, ai jari ne aka ba shi. Nawa yanzu shi ke yi wa babansa ciniki da 'yan sari a waya.

Ta shida, maido yaro gida wajen kaka. Mun saba kai yaro yaye wajen kaka, kuma hankali ya fi kwanciya. Na yi haka da 'yar ƙaramar bayan rikicin da aka yi a Mile 12 a watan Maris na 2016, lokacin da gwamnati ta rufe kasuwar kusan sati 2. Ranar da abin ya tashi, yarana suna wuri 2 daban, ni ina na 3. Amma ku tuna tsakaninmu da Legas tafiyar kilomita 1,000 ce da 'yan kai. Da na zo ganinta bayan wata 8, ɓuya ta yi a bayan kakarta. Kuma tsohuwa ba ta da ƙarfin da take da shi da. In kin kawo, ki riƙa aiko da kuɗin abinci da magani a kan lokaci, kada ki mayar da uwarki 'yar aiki.

Ta bakwai ita ce ta fi yi mini amfani, kuma ku kuka san ta fiye da kowa, don adashi ce. Mu 5 muka haɗu: Hausawa 3, Banufiya 1, Bayarabiya 1. Su ma suna da adashi, ajo ko esusu suke ce masa, don haka ba a sha wahalar bayani ba. Maimakon zubin kuɗi, sai muka yi zubin yini. Kowace mace tana da rana 1 da ba za ta fita ba, ta riƙe yaran duka. Sauran 4 kowace ta kawo abincin ɗanta da ɗan abin da muka yanka na rage mata asarar cinikin ranar. Muka sa doka: ba duka, ba aiken yaro bakin titi, ba ba da magani sai an kira uwa, ba miƙa yaro ga kowa sai wanda aka nuna da ido tun farko. Mun yi saɓani, ba na ɓoye muku, har ɗaya ta fita. Amma shekara 2 muka yi ba yaron da ya ƙone ko ya ɓata.

Kowace hanya mace ta zaɓa, ga abin da zan roƙa. Ki je wajen ba tare da sanarwa ba, ki ga yadda yake in ba a shirya miki ba. Ki ƙirga yara, ki ƙirga manya. Ki duba ruwan sha, da banɗaki, da ko ƙofa tana rufuwa, da ko akwai rijiya ko kwata a buɗe. Ki tambayi wasu iyayen. Ki koya wa yaro cikakken sunansa da na ubansa da sunan unguwa, ba "Baba" kawai ba. Ki rubuta lambar waya a ƙyalle ki ɗinke a cikin rigarsa. A Legas lambar neman agajin gaggawa 112 ce ko 767. In kin yi masa wanka da dare ki duba jikinsa, ki kuma saurare shi. Yaron da ya fara ƙin zuwa wuri yana kuka, akwai abin da yake gaya miki.

Kada kuma mu ce mugu sai a wata ƙabila. Kun tuna a watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka dawo da yara 9 da aka sace a Kano aka same su a Jihar Anambra. Kun kuma tuna yarinya 'yar shekara 5 da aka gano a farkon 2022 cewa mai makarantarsu ne ya hallaka ta, a cikin Kano, mai jin harshenta. Ni kuwa wadda ta tsinci ɗana ko gaisuwar Hausa ba ta iya ba. Hali ake dubawa.

Sai maganar harshe. A waje yaro zai kwashi na gari ko kin so ko ba ki so ba. A cikin ɗaki kuwa ki yi masa Hausa, ki yi masa tatsuniya, ki haɗa shi da kakarsa a waya duk Juma'a. Abin tausayi ne jika ya zo hutu ya zauna da kakarsa sai an yi musu tafinta.

Hajiya shugaba, ina da roƙo 3 ga ƙungiya. Na ɗaya, sakatariya ta buɗe littafi a rubuta 'ya'yanmu da ke zaune a wasu garuruwa, da izininsu, domin in wata za ta tafi Agege ko Sabo a haɗa ta da wadda ta riga ta, ko ta WhatsApp ne. Na biyu, duk wadda za ta tafi, mu tabbatar ta karɓi takardar haihuwa da katin rigakafin 'ya'yanta kafin ta hau mota. Na uku, mu gwada adashin reno a nan gida. Masu zuwa kasuwar Wudil ran Juma'a da masu fita aikin gona da damina, mu ma 'yan matanmu muke hana wa makaranta su yi mana reno. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In mun iya amince wa juna da kuɗinmu duk sati, za mu iya tsara yadda za mu amince wa juna da 'ya'yanmu.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ku yafe mini. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya tsare na gida da na nesa, Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka.