Jawabi a kan ciwon gwiwar hannu da aikin fiɗa



Akwai wani ciwo da ke kama gwiwar hannu daga waje. Nasara na ce masa ciwon masu wasan tanis. A ƙasar nan kuwa hauya ce ke kawo shi, da taɓarya, da jan guga a rijiya mai zurfi. Jijiyar da ke ɗaga hannu ce ke gajiya, har ta ɗan tsage. Ya fi kama mai shekara 35 zuwa 55. Mutum ya ɗauki buta, sai ya ji kamar an soka masa allura.

Cikin mutum 10, wajen 9 suna warkewa cikin shekara guda ba da fiɗa ba. Hutu ne maganinsu, da motsa hannu yadda likita ya nuna. Sakiya ba ta gyara jijiya, sai ƙarin miki.

Wanda ciwon ya ƙi saki, ya tafi asibitin Tasawa ko na Mayahi. Likita ne zai ce ko a tura shi Maraɗi. Yanzu likitocin ƙashi na iya yin aikin ta ƴar ƙaramar kafa, su cire ɓangaren jijiyar da ya lalace. Miki kaɗan ne.

To, amma ga abin lura. Mutum biyu, aiki ɗaya, likita ɗaya, wannan ya warke, wancan yana ta fama. Me ya sa? Kowa da abin da ya zo da shi. Mai shan taba, jini ba ya isa jijiyarsa sosai, sai ta daɗe ba ta haɗe ba. Mai ciwon sukari, mikinsa na jinkirin warkewa. Saboda haka kada a ɓoye wa likita komi, har allurar da aka taɓa yi a gwiwar.

Babbar matsala ita ce gaggawa. Miki na rufewa cikin sati 2, amma jijiya na son wata 3 ko fiye kafin aiki mai nauyi. Manomin da aka yi wa aiki a watan Mayu, ruwa ya sauka a Yuni, ba zai iya kallon gona ya zauna ba. Gara a shirya da likita a yi bayan kaka. Mace kuma, maigida ya samo mai kama mata daka da jan ruwa tun kafin ranar aiki.