In notin sirdin babur ya ƙi kamawa

Jama'a masu saurare, musamman ku masu bin hanyar Illela zuwa Konni da kaya: in notin sirdin babur yana ta juyawa bai kamawa, kada ku ƙara masa ƙarfi. Haƙoran ramin ne suka cinye. Ɗaurin roba kuwa yaudara ce, gargada ɗaya sirdi zai goce ya kayar da na baya.

Ku laluba bayan ramin. In yatsa na shiga, ku zura noti mai ɗan tsawo ya ɓulla, ku sa washa, ku kama shi da macen noti daga ciki. Ku fara murzawa da hannu, sannan sifana. In babu wurin yatsa, sai mai walda. Amma fa a sauke tankin mai tukuna, a cire wayar batir.