Me Ke Cinye Mana Agwagi a Bayan Gida?

    

An nemi mu ɗan ce wani abu a kan ɓarnar da ake yi wa agwagi, saboda koke-koke sun yi yawa a bana. Mu dai ba likitocin dabbobi ba ne, goro muka gada. Sai dai fiye da shekara 20 ke nan ba a raba bayan gidanmu da agwagwa a nan Ibadan, kuma mun sha asara har ta koya mana karatu.

Kowa ya san abin da ya sa matanmu suka rungumi wannan kiwo. Agwagwa ta fi kaza jure annobar da ke share kaji lokacin sanyi, ga ta ba ta da tsirfar abinci. Amma kaza kwana 21 take yi a kan ƙwai, ita kuwa irin tamu ta gida sai ta yi 35. To, a ce mace ta jira wata guda da kwana biyar, ta riga ta lissafa kuɗin makarantar yaro a kai, dare ɗaya a wayi gari babu ko ɗaya. Dole rai ya ɓaci. Wanda ransa ya ɓaci kuwa, wanda ya fara gani shi yake zargi.

Mu ma mun taɓa yi. Wata shekara 'ya'yan agwagwa 9 suka ƙare mana cikin mako guda. Maƙwabcinmu Bayarabe yana da kare, nan take muka ɗora masa laifi, har an fara musayar baƙar magana ta kan katanga. Wani dattijo cikin iyayenmu ya ce mu yi haƙuri da dare ɗaya, mu tankaɗe toka mu barbaɗa kewaye da akurki bayan magariba. Da asuba abin da muka gani: sawu mai dogayen farata, da layin jan wutsiya a tsakiya, ya miƙe har bakin kwata. Guza ne. Ya daɗe yana zaune a ƙarƙashin kwalbatin bayan gida. Wallahi kunyar da muka ji wajen ba mutumin nan haƙuri ta fi asarar ciwo.

Jama'a, tun 1916 aka kafa Sabo, kuma zaman lafiya da masu gari shi ne jarinmu na farko. Ba wanda ya manta abin da ya auku a kasuwar Sasa a watan Fabrairu na 2021, daga 'yar gardama ta mutum biyu aka yi asarar rayuka da shaguna. Saboda haka kafin a buɗe baki a ce karen wane, ko ɗan gidan wane, a fara duba shaida. Kowane maɓarnaci yana da irin tasa alama.

Kare ba ya ɓoye aikinsa. Yakan kashe manya da ƙanana, ya watsar da gashi ko'ina, sau da yawa ma bai ci ba. A kan toka za ku ga faratansa sun fito. Sawun muzuru kuwa ba farce, domin yakan janye su in yana tafiya, kuma shi ƙanana yake ɗauka ɗaya-ɗaya, ya je wani lungu ya ci, ya bar ƙafa da fiffike. In aka tarar da agwagi biyu ko uku an cije su a wuya ko a ƙeya, jiki bai taɓu sosai ba, to tunku ne ko wani ɗan'uwansa na daji. Wannan ya fi damun 'yan'uwanmu na wajen Ojoo da Akinyele, inda daji ke kusa da gida.

Ta sama kuma akwai shirwa. Da rana tsaka take sura, ba ta barin komai sai kukan uwa. Waɗanda suka taso a Arewa sun saba ganinta da damina, amma a nan Kudu da rani ta fi yawa, domin in ruwa ya kankama arewa take komawa. Hankaka shi ƙwai ya fi so: ya huda, ya shanye, ya bar ɓawo da rami a gefe. Idan kuwa ƙwai ya ɓace ɗungurungum, ba ɓawo ba danshi, a yi zargin maciji ko guza. A nan muna jan kunnen yara da mata: kada a cusa hannu ko a leƙa da fuska cikin duhun akurki. Kumurci yana son ƙwai da 'yan tsaki, kuma yana tofi a ido. Wanda abin ya sama a wanke masa ido da ruwa mai yawa nan take, a wuce asibiti, ban da shafe-shafe.

Amma fa a ganinmu, cikin unguwa irin tamu mai cunkoso, ɓera da gafiya sun fi duk waɗannan ɓarna, sai dai ba a cika zarginsu ba. Da dare suke zuwa, su ja ɗan agwagwa zuwa bakin rami, a same shi an ci rabi. Mu ne ma muke gayyatarsu, da dusa da sauran tuwo da muke bari su kwana a kasko. A riƙa kwashe abinci kafin duhu. A kafa tarko, kada a zuba guba, domin guba ba ta tambayar ɗan wa ko akuyar wa. Mataccen ɓera kuma kada a ɗauke shi da hannu tsirara, saboda zazzaɓin Lassa ta wajen ɓera ake kamuwa da shi.

Sai kwarkwasa, wadda Yarbawa ke kira ijalo. Da damina takan shigo rundunarta guda cikin dare, ta lulluɓe 'ya'yan da ke kulle ba su da hanyar gudu. Maganinta a ɗaga akurki a kan ƙafafu huɗu, kowace ƙafa a cikin gwangwani mai baƙin mai, a kuma share ciyawa da tarkace daga kewaye.

Game da ginin akurkin, wayar kaji mai manyan idanu tsare agwagwa kawai take yi, ba ta hana ɓera ko maciji shiga. A daure a sayi mai ƙananan idanu, kamar rabin inci, a rufe har sama, a binne gindinta kamar ƙafa ɗaya cikin ƙasa saboda masu tono. 'Ya'ya su yi wata guda ko fiye a ciki ko ƙarƙashin babban kwando kafin a sake su, a ba su ruwa a faranti marar zurfi, kada uwar ta ja su kwata. Manya a kulle su da magariba, kuma kada a yi gaggawar buɗe su da asuba, tunda da sassafe suka fi yin ƙwai. In an sake su da wuri a ciyawa za su zubar, hankaka ya samu.

Ɓarawo mai ƙafa biyu kuma ba ya ɗaukar ƙanana. Toron da ya fi ƙiba yake zaɓa, ba jini ba gashi, galibi gab da Sallah ko Kirsimeti. Shi kwaɗo ne maganinsa. Ko an gane shi, a kawo ƙara wajen Sarki ko shugabannin ƙungiya, kada matasa su ɗauki hukunci a hannunsu.

Abu ɗaya ya rage. Idan agwagi ko kaji suka fara mutuwa da yawa ba rauni ba cizo, wannan ba aikin dabba ba ne. Tun 2006 da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a jihar Kaduna ba ta daina dawowa ba. Kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa, a sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi.

Masu son a haɗa kuɗi a sayo wayar a dunƙule, don ta zo da sauƙi, su ba sakatare sunansu bayan an tashi. Allah ya sa albarka a cikin kiwonmu.