Cinikin Biri a Sama: Gardamar Kyawun Hoto Kafin Na'ura Ta Fito



Na san akwai waɗanda da suka ji abin da zan yi magana a kansa yau sai suka yi murmushi, suka ce a ransu, ashe har wasan yara ya sami shiga zauren lacca. To, ina roƙonsu su ba ni aron kunnuwansu na ɗan lokaci. Abin da ya kawo ni gabanku wata gardama ce da na taɓa shiga da ƙarfina duka, na fita da kunya, kuma ina ganin darasin da ke cikinta zai amfani ko wanda bai taɓa riƙe abin buga wasa ba. Gardamar kuwa ita ce wadda ma'abota wasan bidiyo kan tayar duk sa'ad da aka ce ga wata sabuwar na'ura nan tafe, watau wace ce za ta fi 'yar'uwarta fitar da hoto mai kyau.

A watan Maris na 2020, kamfanoni biyu suka bayyana wa duniya abin da ke cikin na'urorin da suke shirin fitarwa a ƙarshen shekarar. Microsoft na Amurka ya ce tasa, Xbox Series X, tana da ƙarfin terafulof 12. Bayan kwana biyu sai Mark Cerny, wanda ya jagoranci tsara na'urar kamfanin Sony na Japan, ya yi dogon bayani a kan PlayStation 5, ya ce ƙarfinta terafulof 10.28 ne. Daga wannan rana matasa a ko'ina cikin duniya suka rabu gida biyu. A lokacin ina sakandare, an rufe makarantu saboda annobar korona, ba mu da aikin yi sai waya. Ni na shiga rundunar 12, wani abokina da muka tashi tare ya shiga rundunar 10. Muka shafe watanni muna musu, har ta kai mu ga yin gaba na mako biyu. Abin dariya shi ne, a cikinmu babu wanda ya taɓa ganin ɗaya daga cikin na'urorin nan ko da a kwali, kuma da za a tsare mu a ce mu faɗi ma'anar terafulof, da sai dai mu sosa ƙeya.

Saboda haka bari in fara da abin da ya kamata a ce mun fara da shi. Hoton da ke fuskar talabijin tarin ɗige-ɗige ne ƙanana, kowane da launinsa. Talabijin da ake kira 1080 tana da ɗigo 2,073,600, wadda ake kira 4K kuwa tana da ninki huɗu na wannan, watau 8,294,400. A fim an riga an ɗauki hoto an ajiye, sai dai a nuna. A wasa kuwa dole ne na'ura ta zana hoton nan take, domin ba ta san inda mai wasa zai juya ba sai ya juya. In ana son motsi ya tafi sumul, sai ta zana cikakken hoto sau 60 a kowace daƙiƙa. A 4K wannan ya kai ɗigo kusan miliyan 500 a daƙiƙa guda, kuma kowane ɗigo sai an lissafa haskensa da inuwarsa da launinsa. Terafulof ɗaya na nufin lissafi tiriliyan ɗaya a daƙiƙa. Ke nan adadin da muke ta musu a kansa ma'auni ne na yawan lissafin da sashen zane zai iya yi in komai ya tafi daidai.

A nan ne gizo ke saƙar, domin komai ba ya tafiya daidai. Ku ɗauka maginin gida ne ya ɗauki leburori. Xbox tana da ƙananan sassan lissafi 52 masu aiki da matsakaicin sauri, PlayStation tana da 36 masu aiki da sauri fiye da haka. In ka ninka yawan leburori da saurinsu a takarda, sai ka sami 12 a nan, 10 a can, bambancin kashi 18 cikin ɗari ko kusa da haka. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin gini ya san cewa in yashi bai iso a kan lokaci ba, ko shugaban aiki bai iya raba aiki ba, leburori 52 za su zauna a inuwa kamar yadda 36 za su zauna. Haka abin yake a na'ura. Akwai saurin da bayanai ke isowa daga ma'ajiya, akwai kayan aikin da kamfani ya tanadar wa masu tsara wasanni, akwai kuma gwanintar su masu tsarawar. Bugu da ƙari, kamfani ɗaya ne, AMD, ya ƙera zuciyar na'urorin biyu, daga tsari iri ɗaya. Ashe 'yan uwa ɗaya uba ɗaya muke ta haɗawa faɗa.

Da watan Nuwamba ya zo, Xbox ta fito ranar 10, PlayStation ranar 12, manyan samfurin biyu a kan dala 499. Masana irin su Digital Foundry na Ingila, waɗanda sana'arsu ke nan auna hoton wasanni ɗigo bayan ɗigo, suka jera su suka gwada. Sai ga shi yawancin wasannin da suka fito a na'urorin biyu sun yi kama da juna ƙwarai, har sai an tsai da hoto an ƙara girmansa kafin a ga bambanci. A wasu wasannin farko ma, kamar Assassin's Creed Valhalla, mai terafulof 10 ce ta fi tafiya sumul kafin a yi wa ɗayar gyara. Abin da mutane suka fi ji a jikinsu kuwa wani abu ne da ni ban kula da shi ba sam, watau saurin ma'ajiya. Jiran da akan yi na minti guda kafin wasa ya buɗe ya koma 'yan daƙiƙu. Ranar da na karanta wannan sakamako, ni da kaina na nemi abokina na ba shi haƙuri.

Da mun san tarihi, da ba mu wahalar da kanmu ba, gama wannan gardama ta girme mu. A 1989 kamfanin Nintendo ya fitar da Game Boy, 'yar na'urar hannu marar launi. Shekara guda bayan haka Sega ya fitar da Game Gear mai launi da hasken fuska, wadda kowa ya gani ya san ta fi kyau. Sai dai tana cinye batir shida cikin 'yan sa'o'i, alhali Game Boy na kai mutum nesa da batir huɗu. Game Boy da ƙanwarta mai launi sun sayu fiye da miliyan 118, Game Gear kuwa ta tsaya a wajen miliyan 10. A 1993 Atari ya fito da Jaguar yana tallar cewa ita mai bit 64 ce, sauran kuwa 16 ko 32, amma ba ta sami wasannin kirki ba, ta mutu cikin 'yan shekaru. PlayStation 2, wadda ta fito a 2000, ba ta kai Xbox ta farko ƙarfin zane ba, duk da haka ta sayu fiye da miliyan 160. A 2006 Wii ta zo da hoton da bai kai na abokan takararta ba ko kusa, masu gardama suka yi ta yi mata dariya, ta sayu fiye da miliyan 100, ta wuce PlayStation 3 da Xbox 360. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Akwai wani abu kuma da ya fi adadi haɗari, shi ne hoton talla. A 2005, a babban baje kolin wasanni na E3 a birnin Los Anjelas, Sony ya nuna wani ɗan bidiyo na wasan Killzone 2 a matsayin irin abin da PlayStation 3 za ta yi. Jama'a suka ruɗe don kyawunsa. Daga baya ta bayyana cewa an riga an zana bidiyon ne tun farko kamar fim, a matsayin burin da ake fatan kaiwa, domin a lokacin na'urar ma ba ta kammala ba. Wasan kansa bai fito ba sai 2009. Haka nan a watan Yuli na 2020 abin ya juya ta ɗaya gefen. Microsoft ya nuna wasan Halo Infinite, hoton bai burge mutane ba, aka yi ta ba'a, har aka ɗage fitowarsa zuwa Disamba 2021. Mu 'yan rundunar 12 muka rasa bakin magana, abokan hamayya suka ce ga shaida na'urar ba ta da ƙarfi. Alhali kuwa wasa ne da ba a gama ba, kuma a kan kwamfuta aka nuna shi. Da hoton da ya yi kyau da wanda ya yi muni, babu wanda ya gaya mana gaskiyar na'urar.

Jama'a, kada a fahimce ni a karkace. Ban ce kyawun hoto banza ba ne. Wanda ya ga wasannin 2000 ya ga na yau ya san an ci gaba. Fasahar bin sawun haske, wadda ke lissafa yadda haske ke faɗawa a kan abu ya dawo, ta sa a yau mutum na iya ganin inuwar gari a gilashin bene a cikin wasa kamar a zahiri. Wannan aikin injiniyoyi ne da ya cancanci yabo. Abin da nake cewa shi ne, ido yana da iyaka, kuma duk sa'ad da aka matso kusa da iyakar, sai ƙarin ƙarfi mai yawa ya haifar da ƙarin kyau kaɗan. Kamfanonin ma sun san haka. A watan Satumba na 2024, wajen gabatar da PlayStation 5 Pro mai tsadar dala 699, Mark Cerny ya bayyana cewa in aka bai wa masu wasa zaɓi tsakanin hoto mafi kyau da motsi mafi sauri, kusan sau uku cikin huɗu motsin suke zaɓa. Ku duba fa, bayan duk hayaniyar da aka yi a kan hoto, da abin buga wasa ya shiga hannu sai mutane suka rage kyawun hoton da kansu.

Yanzu bari mu dawo gida mu dubi kanmu. Yawancinmu da muka shiga gardamar nan, a fuskar waya muka kalli bidiyon talla, kuma don tsimin data muka rage ingancinsa zuwa mafi ƙanƙanta. Watau muna yanke hukunci a kan ɗigo miliyan 8 ta tagar da ba ta nuna ko kashi ɗaya cikin goma na hakan. Sa'an nan a gidajen gem da ke unguwanninmu, inda akasarinmu muke haɗuwa da waɗannan na'urori, ƙwallon ƙafa ake bugawa, a talabijin da sau da yawa ba ta 4K ba ce, da wutar janareta. Ban taɓa ganin wanda aka ci shi uku da nema ya tashi yana yabon kyawun ciyawar fili ba. Mai gidan gem kuwa, wanda shi ne ya zuba jarinsa, tambayoyinsa daban ne. Yana so ya san ko na'urar na jure zafi da ƙura, ko akwai mai gyaranta a kasuwa, nawa ne kuɗin wasanninta, kuma ita ce yara ke nema ko wata. A ganina, shi ya fi mu fahimtar al'amarin.

Gardamar ba ta ƙare ba, kuma ba za ta ƙare ba. A 2025 an sake yinta kafin fitowar Switch 2 ta Nintendo, bayan kamfanin Nvidia da ya ƙera zuciyarta ya ce ta ninka tsohuwar sau goma a ƙarfin zane. A watan Yuni na 2025 kuma Microsoft ya sanar da cewa shi da AMD suna aikin na'urori masu zuwa. Saboda haka za a sake kawo mana sababbin adadi da sababbin bidiyo, za a kuma sake gayyatarmu mu rabu gida biyu mu yi wa kamfanoni talla kyauta. Shawarata ita ce, duk wanda aka nuna wa adadi ya tambaya me ake aunawa, kuma wa ya auna. In bidiyo ne, ya tambaya a kan wace na'ura aka ɗauke shi. Sa'an nan ya riƙe kuɗinsa da bakinsa har kaya su sauka a kasuwa, waɗanda ba su da riba a cinikin su gwada, gama sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na ce da farko darasin zai amfani wanda ba ya wasa, to ga dalili. Da yawa daga cikinmu gobe za mu zauna a ofisoshi, wasu ma da ke cikin wannan zaure sun riga sun zauna. Ɗan kwangila zai shigo da takarda mai sheƙi, da manyan adadi, da hoton asibiti ko injin ban ruwa da ba a ƙera ba tukuna, ya ce a sa hannu. A ranar, dukiyar jama'a ce a kan tebur, kuma kuskure ba zai tsaya a gabar mako biyu tsakanin abokai ba. Wanda ya saba tun yana ɗalibi da tambayar abin da adadi ke nufi, ba za a yi cinikin biri a sama da shi ba.

Shugaban taro, a nan zan dakata. Ni da abokin nan nawa har yau muna buga ƙwallo tare in an yi hutu, a kan tsohuwar PlayStation 4 ta wani maƙwabcinmu, kuma har yau shi ke cina.