Idan Sigina Ta Katse Kiran connect a Harshen C



Batun da zan gabatar yau ƙarami ne a ido, amma yana kayar da masu rubuta shirin kwamfuta da yawa. A tsarin soket da Jami'ar Kalifoniya ta Barkili ta fitar cikin 4.2BSD a shekarar 1983, shirin da ke son magana da wata kwamfuta yakan buɗe soket, ya kira connect, ya dakata har a amsa masa. Cikin wannan dakatawa wata sigina, kamar SIGALRM ta ƙararrawar lokaci, tana iya faɗowa. Idan shirin ya tanadi abin da zai karɓe ta, sai connect ya komo da -1, errno kuwa ya zama EINTR.

To, a nan ake tuntuɓe. An koya mana cewa idan read ya komo da EINTR, sai a sake kiransa kurum. Ɗalibi sai ya zaci haka connect yake. Alhali kuwa ƙa'idar POSIX ta ce siginar ba ta soke ƙulla hanyar ba. Ɗan aike ya riga ya kama hanya, jiran ne kaɗai aka katse. Wanda ya sake kiran connect yana iya samun EALREADY, wato ana cikin aikin, ko EISCONN, wato an riga an gama. Shirin da bai san haka ba sai ya ɗauka an kasa, ya rufe hanyar da ba ta da laifi. Linux yakan yarda a maimaita kiran, amma ba kowane tsari ke da wannan sauƙin hali ba.

Mece ce mafita? Matakai biyu ne. Na farko, a kira poll ko select a jira har soket ɗin ya nuna ana iya rubutu a kansa. Idan sigina ta katse wannan jiran, babu laifi a maimaita shi. Na biyu, a kira getsockopt a tambayi SO_ERROR. Idan sifili ne, hanya ta ƙullu. Idan wata lamba ce, kamar ECONNREFUSED, ita ce dalilin kasawa, sai a rufe soket ɗin a buɗe sabo.

'Yan'uwa, Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Irin wannan kuskure ba safai yake bayyana a ɗakin gwaji ba, sai shiri ya shiga hannun jama'a. Ina roƙon kowa ya koma ya duba nasa tun yau.