Mai lalle a unguwarmu likita ce

Na san zafi ake yi, kuma wasu sun baro shago, wasu sun baro aji, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Zan fara da abin da ya faru a gidanmu.

A bara aka yi bikin ƙanwata. Kamar yadda aka saba, aka kira mai lalle, wata ƴar Sudan da ke zaune a unguwarmu, wadda mata ke yabon hannunta wajen dilka da zane. Matar yayana tana da ciki wata takwas a lokacin. Ta miƙa hannu a zana mata, sai mai lalle ta riƙe hannun, ta danna da yatsa, ta kalli fuskarta, ta ce: "Tun yaushe zoben nan ya daina fita? Kanki na ciwo? Kina ganin walƙiya-walƙiya a ido?" Duk aka ce e. Ta ajiye lallen ta ce a kira namiji a samo mota, yanzu-yanzu a je a auna mata tansiyo. Tsofaffi suka ce ai kumburin ciki ne, kowace mace na yi. Ta ce: "Inna, ku yi mini haƙuri, wannan ba zai kwana a gida ba."

Ni na kai ta. Da aka auna, jinin ya hau sosai, aka kwantar da ita a daren, aka fara yi mata allurar hana jijjiga. Yau uwa da ɗiyarta suna nan lafiya.

Washegari na je yin godiya, na ce: "Yaya, a ina kika san wannan?" Ta yi shiru, can ta ce: "Ƙanena, shekara 6 na yi a ɗakin haihuwa. Ni likita ce."

Kakanta daga ƙasar Damagaram ya tashi a ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya a Sudan, ya yi aure, bai dawo ba. Irinsa suna da yawa. Hanyar hajji ta ƙasa ta ajiye Hausawa a Darfur da Gadarif da bakin kogin Nilu, kuma garin Mai Wurno da ke kusa da Sennar ya samo sunansa ne daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya wuce gabas da jama'a bayan yaƙin Burmi na 1903. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, jikar wancan mahajjaci ta biyo hanyar kakanta ta dawo, ta Cadi, da yara biyu da jaka ɗaya. Tana jin Hausa, tana jin Larabci da Ingilishi. Faransanci ne babu. Takardar digirinta ta asali tana cikin gidan da ta gudu ta bari. Ta je wani ofis, aka ce ta kawo ta asali da hatimin jami'a. Jami'ar kuwa a rufe take, babu mai ɗaukar waya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da ta yi daga baya. Ta ce ba yunwa take tsoro ba, lalle yana ciyar da ita. Tsoronta shi ne hannunta ya fara mantuwa. Ta ce wani lokaci da dare takan riƙa maimaita ma'aunin magunguna a ranta, sai ta tarar wani ya kuɓuce mata.

To, jama'a, a nan maganata ta yau take. Ilimin likita ba gona ba ne da za ka bari shekara biyar ka dawo ka tarar da ita inda take. Yana tsufa, kuma da sauri. Bari in ba ku misali da cututtukan da kowa a ɗakin nan ya sani.

Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani: shekara da shekaru kinin ake sa wa yara a ƙarin ruwa. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allurar artesunate ta fi shi ceton rai. A 2012 ta ba da shawarar a riƙa bai wa ƙananan yara maganin rigakafi wata-wata a lokacin damina, wanda yanzu ake bi gida-gida ana rabawa a unguwanninmu. A 2021 ta amince da allurar rigakafin cutar ta farko, kuma a 2024 Nijar ta fara yin ta. Cikin shekara goma sha uku kenan, cuta ɗaya, sauyi uku manya.

Zubar jini bayan haihuwa, wanda ya cinye mana iyaye da yayye ba adadi: a 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano tana cikin jagororinsa. Abin da suka gwada mai sauƙi ne: a shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa don a san ainihin jinin da ya zuba, sannan a haɗa magungunan a ba da su lokaci ɗaya maimakon a yi ta gwada ɗaya bayan ɗaya. Zubar jini mai tsanani ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Kano ce fa, nan kusa da mu. Amma ungozomar da ta gudo daga Damasak ko Malam Fatori a ƙarshen 2014, ta tsallako Komadugu zuwa Diffa, wa zai gaya mata? Iliminta ya tsaya a ranar da ta rufe ƙofar ɗakin haihuwa ta gudu.

Sannan kowace ƙasa da nata cututtukan da nata ƙa'idojin. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023, an ƙirga mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma Dungas ce ta fi shan wahala. A 2023 mashaƙo ya ɓulla, ya yi ƙarfi a ɓangaren Matamaye, cutar da likitoci da yawa a littafi kawai suka san ta. Duk damina kuma asibitin yara na Magarya cika yake da ɗaruruwan yara masu tamowa haɗe da zazzaɓi. Likitan da ya zo daga wata ƙasa, komai ƙwarewarsa, sai ya koyi yadda ake yi a nan: sunayen magunguna da Faransanci, yadda ake rubuta ordonans, wace cuta ake kai rahotonta cikin gaggawa, wa ake turawa babban asibiti.

Duk wannan yana faruwa ne a ƙasar da ba ta kai likita 1 ga mutum 10,000 ba, kuma mafi yawan waɗanda ake da su suna Yamai da manyan birane. Wanda ya taɓa bin layi tun asuba a asibiti ya san abin da nake faɗa. Muna kukan rashin likita, ga likita tana zana fure a ƙafar amarya.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa sama ba, kuma wasu sun nemi mafita. A Satumban 2023, Armeniyawa fiye da 100,000 suka fice daga yankin Nagorno-Karabak zuwa Armeniya cikin kwanaki kaɗan, bayan farmakin sojojin Azarbaijan. A cikinsu akwai likitoci da ma'aikatan jinya, asibitoci sukutum suka tashi. Harshensu ɗaya da masu masaukinsu, amma duk da haka sai da maganar sake horo da neman gurbin aiki ta taso, domin tsarin da suka baro ya rushe. Turkiyya, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ta shirya wa likitocin Siriya horo na ƴan makonni, na aji da na aiki, sannan ta sa su a cibiyoyin da ke duba ƴan gudun hijira ƴan uwansu. A nan Afirka ma, a 2023 Ruwanda da Tanzaniya kowacce ta karɓi ɗaliban likitanci fiye da 100 daga wata jami'a ta Khartum don su ci gaba da koyon aiki a asibitocinsu. Ruwanda ba Faransa ba ce, Tanzaniya ba Amurka ba ce. Niyya suka yi. Matsalar takardu ma an yi mata dabara: UNESCO tana da wani fasfo na shaidar karatu ga wanda ya gudu ba takarda, ana tantance shi ta hanyar tambayoyi da bincike, an fara gwada shi a Zambiya a 2019.

Na san abin da wasu ke faɗa a ransu, domin an faɗa mini a fadarmu wajen shan shayi. Na farko: "Namu ƴaƴan da suka gama likitanci suna zaune suna jiran a ɗauke su aiki, za ka kawo mana baƙi?" Gaskiya ne suna jira, ina da abokai a cikinsu, kuma dole mu ci gaba da matsa wa gwamnati ta ɗauke su. Amma ku lura, ciwonsu ɗaya ne. Yaron da ya gama jami'a ya zauna shekara biyu bai taɓa majiyyaci ba, shi ma hannunsa mantuwa yake. Tsarin horon da zai taimaki ƴar Sudan shi ne zai taimaki ɗan Birni da ɗan Zango.

Na biyu: "In aka buɗe ƙofa, kowane mai tallar magani zai ce shi likita ne." Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma ban zo in ce a ba kowa farar riga ba. Ita kanta likitar ta ce mini ba za ta yarda a ba ta majiyyaci ba tare da an jarraba ta ba. Dokar da ta ce sai an tantance digirin waje kuma an yi rajista da hukumar likitoci kafin a yi aiki, doka ce mai kyau. Abin da babu shi ne hanyar da mutum zai bi ya kai ga jarrabawar. In ka rufe ƙofar gaba, ta baya ake bi: mutane su riƙa yin allura a ɗaki a ɓoye, ba mai duba su, ba mai gyara musu kuskure. Wannan ne haɗarin.

Damagaram tana da kayan aikin. Muna da Jami'ar André Salifou da sashenta na kimiyyar lafiya. Muna da babban asibitin ƙasa, muna da asibitin uwa da yaro, muna da makarantar horar da ma'aikatan lafiya. Abin da nake roƙon mu nema, da murya ɗaya, abu huɗu ne.

Na ɗaya, a ƙirga su. Hukumar lafiya ta jiha da masu kula da ƴan gudun hijira su buɗe rajista: likita nawa, ungozoma nawa, ma'aikacin jinya nawa, mai haɗa magani nawa, ko daga Sudan, ko daga Borno da Zamfara, ko ƴan ƙasa da rikici ya taso daga Diffa da Tilaberi.

Na biyu, a samar da hanyar tantance wanda takardunsa suka salwanta: jarrabawa a rubuce, jarrabawa a gaban gadon majiyyaci, da shaidar abokan aiki.

Na uku, horo na ƴan watanni ƙarƙashin kulawar manyan likitocinmu, haɗe da Faransancin asibiti. Wanda ya ci, a ba shi izini na wucin gadi, a tura shi inda ake da buƙata.

Na huɗu, duk taron ƙara wa juna sani da ake yi wa ma'aikatan lafiya, a ware kujeru ga waɗanda ke zaune ba aiki, baƙi da ƴan gida. Kujera biyar a bayan aji ba ta cin kasafin kuɗi.

Mu kuma matasa akwai namu kason, wanda ba ya jiran sa hannun kowa. Kowa ya tambaya a unguwarsa, cikin mutunci, ba tare da tona asirin kowa ba, kuma kar a rubuta sunan mutum sai da yardarsa. Wanda ya iya Faransanci ya ba da awa biyu a mako. Ɗaliban likitanci su raba takardun darasi da littafin ƙa'idojin jinya na ƙasa. Akwai darussa kyauta na Hukumar Lafiya ta Duniya a intanet, da Larabci da Faransanci da Ingilishi, abin da ke hana mutane su kuɗin data ne. Fada ɗaya in ta haɗa dala ashirin-ashirin ta sayi na wata.

Ni na fara da abin da nake iyawa. Duk Asabar da la'asar ina zuwa mu yi Faransanci da ita, ni da wani ɗalibi ɗan aji biyar. Shi yana koya mata sunayen abubuwa, ita tana koya masa yadda ake gane mace mai shirin jijjiga tun kafin a ɗauko abin awo. Ban san wanda ya fi ƙaruwa a cikinsu ba.

Garin nan baƙi suka taya gina shi. Unguwar Zango masaukin fatake ce, ayarin da ya fito daga Agadas da Kano da Borno nan yake sauke kaya, kuma ba a taɓa tambayar maƙeri ko majemi daga ina ya zo ba kafin a ba shi aiki, hannunsa ake dubawa. Abin da nake nema ke nan ga waɗannan mutane: a duba hannunsu, a sabunta musu ilimi, a bar su su yi aiki.

Akwai takarda a bakin ƙofa. Wanda zai iya koyarwa, ko zai shiga tawagar da za ta kai wannan buƙata hukumar lafiya ta jiha da jami'a, ya rubuta sunansa kafin ya fita.