Gambo Sawaba da Takardar Ɗan Asali

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne.

Zan faro daga Iran, ba wadda ake yawan kawo mana labarinta ba. Kafin juyin juya halin 1979, Yahudawan ƙasar sun kai dubu tamanin, kuma matasansu da dama sun shiga jam'iyyar 'yan gurguzu ta Tudeh, wadda aka kafa a 1941. Dalilinsu a fili yake: a jam'iyyar ba a tambayar mutum addininsa kafin a ba shi kujera. A 1978, asibitin Sapir na Yahudawa a Tehran ya riƙa karɓar masu zanga-zangar da sojojin Shah suka harba. Wata matashiya, Edna Sabet, haifaffiyar gidan Yahudawa, ta shiga wata ƙungiyar 'yan gurguzu, Peykar. Shah ya faɗi, gwamnatin da ta gaje shi ta kashe ta a 1982. Shekara guda bayan haka aka haramta Tudeh ɗin kanta, duk da mubaya'ar da ta yi wa Khomeini.

Mu dawo gida, don mu ma muna da tamu. Hajaratu sunanta, aka ce mata Gambo saboda ta bi tagwaye. An haife ta a 1933. Mahaifinta, Amarteifio, mutumin Gana ne, ma'aikacin jirgin ƙasa, Kirista ne da ya musulunta ya zama Isa. Mahaifiyarta Fatima Banufiya ce. An aurar da ita tana 'yar shekara 13, ta shiga jam'iyyar NEPU tana 17 a Zariya, lokacin da maza masu gemu ke ɓoye katinsu don tsoron 'yan doka. An ɗaure ta sau 16, an kore ta daga Kano. Ta tafi Abeokuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti. Cikin abin da take nema har da ƙuri'a: matan Kudu sun yi zaɓen tarayya a 1959, na Arewa sai 1976 aka yarda musu.

To, ga tambayar da na shekara da shekaru ina yi wa jami'an ƙananan hukumomi, har wasunsu sun daina amsa gaisuwata. Da Gambo za ta tashi yau ta shiga sakatariya neman takardar shaidar ɗan asali, wace ƙaramar hukuma za ta ba ta? Za a ce: ina garin ubanki? Ta ce Gana. Shi ke nan, an rufe fayil. Ta ce to uwata fa? A ce ta tafi ƙasar Nufe, jihar Neja, wataƙila su duba ta. Matar da ta sha bulala da kurkuku don talakan Zazzau, wadda babban asibiti a Zariya ke ɗauke da sunanta, sai ta nemo mai unguwar da zai tausaya mata ya sa hannu. Kuma ba laifin akawu ba ne shi kaɗai. Kundin tsarin mulkin 1999, a sashe na 147, ya ce minista ya zama ɗan asalin jiharsa, bai kuma fassara kalmar ba. Sashe na 318 ya ɗaure zama ɗan jiha da asalin iyaye ko kakanni. Haihuwa a gari ba ta isa ba, harajin shekara hamsin bai isa ba, ɗauri 16 ma bai isa ba. Mace kuwa asararta biyu: garin ubanta ya ce ta yi aure ta tafi, garin mijinta ya ce baƙuwa ce. Gambo ta rasu a watan Oktoban 2001, wata guda bayan rikicin da ya same mu a nan Jos. Ba sai na tuna wa kowa a nan unguwar Kabong watan Satumban shekarar ba, ko 2008, ko 2010.

Abokan aikina za su ce in aka cire takardar nan, manyan ƙabilu za su haɗiye ƙanana. Na ji, tsoron yana da tushe. Amma shekara nawa muna raba takardar, wa ta kare? Wasu kuma su ce me ya haɗa mu da Iran. Tambayar asali ce ta haɗa mu, wadda ba a yi wa mutum ranar da ake neman wanda zai tsaya gaban 'yan doka, sai ranar rabon muƙami.

Abin da nake nema bai canza ba. Majalisar Tarayya ta gyara sashe na 318: wanda aka haifa a wuri, ko ya zauna shekara goma yana biyan haraji, ya zama ɗan wurin a makaranta da aikin gwamnati, sarautar gargajiya kuwa a bar wa masu ita. Matar aure ta zaɓi jihar da take so. Sashen tarihi na Jami'ar Jos kuma ya tura ɗalibai unguwannin Gangare da Dilimi da rakoda, su nemo tsofaffin matan da suka yi jam'iyyun NEPU da PRP, a naɗi maganarsu tun suna da rai.